Gyaran ƙaramin banɗaki da kayan rusau: inda ake tsimi da inda ba a yi

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin banɗaki, tsawonsa mita 2, faɗinsa mita 1.5. Tayil ɗin ƙasa ya fara ɗagowa, ruwa yana kwanciya a lungu bayan an yi wanka, fentin ɗakin da ke jikinsa yana ɓarewa daga ƙasa, ga kuma wari jefi-jefi. Kuɗin hannuna ba su da yawa. Na samu inda ake rushe wani tsohon gini, an ce in zo in zaɓi tayil, besin, masai, ƙofa da kawunan famfo a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wasu suna ce mini araha ba ta ado. Shin zan iya gyara banɗakin da waɗannan kaya ya yi ƙarko? Kuma ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, Malam. Abu biyu kake tambaya: ko kayan rusau za su yi, da kuma inda za a soma. Za su yi, amma ba dukansu ba, kuma ba a ko'ina ba. Kayan banɗaki kashi biyu ne. Akwai wanda ido ke gani, hannu kuma ke iya kwancewa da sifana ranar da ya lalace: besin, madubi, ƙofa, kan famfo, maratayin tawul. Akwai kuma wanda ake binnewa a bango da ƙarƙashin daɓe, wanda in ya samu matsala sai an fasa kafin a kai gare shi: bututu da mahaɗansa, shafin hana ruwa, gam ɗin tayil, wayar wuta. A kashi na farko ka yi tsimi son ranka. Na biyu sabo za ka saya, kuma a ɗaki mai murabba'in mita 3 ba shi da yawan da zai karya ka.

Kafin guduma ta taɓa bango

Alamomin nan da ka lissafa ba lallai tushensu ɗaya ba ne, kuma in ba ka raba su ba za ka shimfiɗa sabon tayil a kan tsohuwar cuta. Fara da fentin da ke ɓarewa. Ɗauki fensir ka zagaye iyakar danshin a bangon ɗakin. Da daddare ka rufe duk famfunan gidan, ka duba mitar ruwa in akwai, ko ka yi wa tanki alama a inda ruwa ya tsaya. In da safe ruwa ya ragu alhali ba wanda ya taɓa famfo, bututun kawo ruwa ne ke yoyo a cikin bango. In bai ragu ba, a daina wanka a banɗakin kwana uku zuwa huɗu. Danshin ya ja baya daga layin fensir, to ruwan wanka ne ke ratsawa, galibi ta kusurwar da bango ya haɗu da daɓe ko ta gefen rariya. In ya tsaya cik, kuma gini na ƙasa ne, ana zargin laimar da ke tasowa daga tushen gini, wadda tayil ba ya maganinta.

Tayil kuwa, bi shi ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa da ƙotar sukundireba. Wanda ya kama sosai ƙararsa a dunƙule take, wanda ƙarƙashinsa ya zama kogo kuma sai ka ji ya yi amo. Yawanci dunƙulen siminti aka ɗiɗɗiga masa a kusurwa huɗu da tsakiya, ruwa ya samu wurin zama a tsakani. Tunda naka ya fara ɗagowa kuma ruwa yana kwanciya, gangaren daɓen ne bai yi ba tun farko. Ƙasan gaba ɗaya za a ɗaga. Faci ba zai gyara gangare ba.

Wari yana da ƙofa uku da ya saba shigowa ta cikinsu. Ko dai rariyar ƙasa ba ta da lanƙwasar da ke riƙe ruwa ta tare iskar masai, ko tana da ita ruwan ya ƙafe. Ko robar da ta haɗa masai da babban bututu ta saki. Ko kuma babu bututun shaƙar iska da ke fita sama, sai ja ruwan masai ya riƙa zuƙe ruwan sauran lanƙwasoshin. In kana jin rariya tana gurguri duk lokacin da aka kora masai, na ukun ne. Ruwan da ke zaune a lanƙwasa bai kamata zurfinsa ya gaza santimita 5 ba.

Shawara mafi rage kuɗi a duk aikin nan ita ce ka bar masai, rariya da besin a inda suke. Matsar da masai ko da rabin mita ne yana nufin fasa daɓe, sabon bututu mai inci 4, da neman gangaren da sau da yawa babu wurinsa. Don haka kaya ne za su bi ɗakin. Kafin ka je wurin rusau, rubuta awo a takarda: ta ƙasa bututun masai ya fita ko ta bango; in ta ƙasa ne, nisan tsakiyar ramin daga bango; in ta bango ne, tsayin tsakiyarsa daga daɓe, wanda a yawancin masai na zama yake kusan santimita 18. Rubuta faɗin ƙofa, da faɗin wurin besin. Daga tsakiyar masai zuwa bango ko besin na gefe a samu aƙalla santimita 38, a gabansa kuma a samu kamar 60. Ka tafi da tef ɗin awo, tocila, da tsumma.

Masai, besin da kan famfo

Kayan tangaran su ne riba mafi tsafta a rusau, domin tangaran ba ya tsufa sai dai ya tsage. Abin da kake nema shi ne tsagar da ba a gani. Ɗaga besin ɗin ka ƙwanƙwasa shi da ƙashin yatsa: lafiyayye yana ba da amo mai tsawo, mai tsaga kuma ƙararsa a mace take. Sai ka goge shi, ka shafa masa ruwan tawada ko garin gawayi, ka sake gogewa. Duk inda siririn layi ya rage, tsaga ce. Duba sosai a ramukan noti na ƙasan masai, inda tanki ke zama, da kewayen ramin famfo a besin, domin nan ne ake matse noti fiye da kima. Wanda fatarsa ta yi zane-zanen tsaga birjik, bar shi; datti zai shiga ya zauna, ba sabulun da zai fitar da shi. In da hali, ɗora masan a kan bulo biyu, shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙasa, cika lanƙwasarsa da ruwa a kwana. Takarda ta jiƙe, an gama magana.

Masai da tankinsa tare ake ɗauka. Ramukan noti da bakin shigar ruwa sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma tankin wani ba kasafai yake zama daidai a kan wani ba. Kayan cikin tanki, robar da ke tsakaninsa da masai, notinan, mazauni da robar haɗi da babban bututu, duka sabo za a sa. Ka kuma lura da cin ruwa: tsofaffin tankuna suna zubar da lita 9 zuwa 13 ko fiye a ja ɗaya, na zamani lita 6 ko ƙasa. Kuma ba a rage wa tsohon masai ruwa da yawa, domin an ƙera cikinsa ne don ruwa mai yawa; in ka rage sai ya ƙi korewa, a koma ja biyu. Gwada shi da bokitin lita 6 tun a can ka ga yadda yake tafiya. In ruwa yana maka wuya ko tsada, wannan ne wuri ɗaya da zan ce ka yi tunanin sayen sabo mai sauƙin kuɗi.

Wajen cirewa, kada a sa ƙarfe a banƙare. A yanke bututun daga baya, a kwance noti, in ya ci tsatsa a yanke shi da zarto. Masan da aka dasa gindinsa cikin siminti ba kasafai yake fitowa lafiya ba.

Wanki kuma mataki biyu ne, kuma kada a haɗa su. Farin ɓawon da ruwa ke bari yana narkewa da binega ko garin asid na lemo, a jiƙa ya kwana a goge da burushi. A ɗauraye sosai, washegari a kashe ƙwayoyin cuta da bilic, kashi 1 cikin kashi 9 na ruwa, na minti 10. Bilic da asid in suka haɗu suna fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu, a ƙaramin ɗaki kuwa abin yana iya kai mutum asibiti. Asid mai ƙarfi yana cinye ƙyallin kan famfo da dutsen mabul, kada ya taɓa su.

Kan famfo, nauyinsa za ka fara ji a hannu. Na farin tagulla yana da nauyi, cikin zarensa rawaya ne, kuma tsohonsa ya fi sabo mai araha ƙarko nesa ba kusa ba. Wanda ba shi da nauyi, cikinsa toka-toka, haɗin tutiya ne, yana ruɓewa daga ciki ya karye a zare. Buɗe shi ka ga ko washa ce a ciki ko ƙwayar tangaran, ka tabbatar ana samun irinta a kasuwa kafin ka ɗauka. Tsofaffin famfuna da ƙarfen liƙa bututu na da suna iya ɗauke da dalma. Amurka sai a 1986 ta hana ƙarfen liƙi mai dalma a bututun ruwan sha. A shawa wannan ba abin damuwa ba ne sosai, amma a besin da yara ke wanke baki, a bar ruwa ya ɗan zuba da safe kafin a yi amfani da shi, ko a sa sabo a nan.

Tayil, inda aikin yake

Nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. Tayil a jikin bangon rusau kyauta ne a ido, amma cire shi da share bayansa aiki ne na kwanaki. In da gam aka kafa shi, ko da kwaɓi mai rauni, yana fitowa. In da siminti zalla aka kafa shi, sau da yawa abin da zai fashe ya fi abin da zai tsira. Gwada guda goma tukuna: kankare tsakaninsu, fara daga gefen da yake a buɗe, kwantar da kurfi mai faɗi kusan lebur da bango, ka riƙa bugu a hankali kana zagayawa. In bakwai suka fito lafiya, ci gaba. In uku ne, bar shi ka nemi ragowar tayil daga inda aka gama sabon gini, ko ƙarshen kaya da masu sayarwa ke neman rabuwa da shi. A ganina wannan ya fi tayil ɗin rusau ta kowace fuska: bayansa fes, bakinsa bai karye ba, kuma ɗakinka kwali kaɗan yake buƙata.

Ga lissafin ɗakinka. Ƙasa murabba'in mita 3 ce; da tayil mai santimita 30 a 30 guda 34 ke nan. Kewayen bango mita 7 ne, a cire ƙofa kamar 0.7, saura 6.3. In za ka kai tayil har silin mai tsayin mita 2.4, kana neman kusan murabba'in mita 15. Ba dole ba ne. A lungun wanka, bango biyu masu faɗin santimita 90 kowanne, kai shi tsayin mita 2, wato 3.6. Sauran mita 4.5 a tsaya a tsayin 1.2, wato 5.4. Jimla 9, ka rage kusan 6, saman kuma a yi masa fenti mai jure danshi. Da tayil mai 20 a 30, guda 150 ne. A sabon tayil ana ƙara kashi 10 cikin 100 don yanka da fashewa. A na hannu ƙara kashi 25, domin in ya ƙare maka a tsakiyar aiki ba za ka samu irinsa ba. Wato kamar 190 na bango, 43 na ƙasa.

Kada tayil ɗin bango ya sauka ƙasa. Ya fi taushi, yana shan ruwa, kuma santsinsa in ya haɗu da sabulu yana kayar da mutum. Juya shi ka ɗiga ruwa a bayansa: na bango yana shanyewa nan take, na ƙasa mai ƙarfi kuwa ɗigon yana zama a kai. Sannan jiƙa fuskarsa ka shafa sabulu ka murza da tafin hannu. In hannu ya zame ba tare da wata turjiya ba, ba na ƙasan banɗaki ba ne. Na ƙasa yana iya hawa bango, sai dai nauyinsa yana son gam mai kyau.

Share baya: tsohon gam yana laushi in tayil ya kwana ɗaya ko biyu a ruwa, sai a kankare. Siminti sai injin gurza. Ɗora tayil ɗin a kife a kan yashi ko tsohuwar roba don kada ya fashe, yi aikin a waje, jiƙa shi, sa tabarau da takunkumin ƙura na gaske, domin ƙurar siminti da tayil tana ɗauke da silika mai lalata huhu, kuma lalacewar ba ta warkewa. Ba sai bayan ya yi sumul ba, amma kada tudun da ya rage ya wuce milimita 2.

Da wuya ka samu launi ɗaya da zai isa, kuma wannan ba aibi ba ne in aka tsara shi da gangan. Launi ɗaya a lungun wanka, wani a sauran bango. Ko fari a sama da ƙasa, ɗamara mai duhu layi ɗaya a tsakiya. Abin da ke munana aiki shi ne launuka biyu masu kama da juna a cakuɗe, sai a ga kamar faci. Abin da ya fi launi wahala shi ne kauri da girma. Jera su a tsaye gefe da gefe ka ware su tuli-tuli. Inda kauri ya bambanta, mai kaurin ne ma'auni, siraran kuma a ƙara musu gam a baya. Inda girma ya bambanta da milimita ɗaya ko biyu, buɗa tsakani zuwa milimita 4 ko 5 sai ya shanye bambancin.

Ƙofa, katako da abin da ba a ɗauka

Tsohuwar ƙofa ta katako zalla abin so ce. Soka mata ƙusa a gindi ka ga ko ta ruɓe ko gara ta ci, ɗora ido a gefenta ka ga ko ta murɗe. Yanke gindinta ya bar santimita 1 daga daɓe don iska ta shiga, sannan a shafe ta da fenti ko banish sau uku a duk fuskoki, har ƙasa da sama inda ido ba ya kaiwa, domin ta nan ruwa ke shiga. In wuri ya ba da dama a juya ta ta riƙa buɗewa waje, ɗakin zai ƙara sarari. Tsohon teburi na katako yana zama mazaunin besin in an ɗaga ƙafafunsa daga ƙasa da roba. Allon garin katako da aka matse kuwa, ko kyauta ne kada ka ɗauka, yana kumbura da zarar ya sha ruwa.

Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma. Amurka ta hana shi a gidaje a 1978, ƙasashe da yawa kuma sun daɗe bayan haka ba su hana ba. Kada a goge shi a bushe ko a ƙona shi, musamman inda akwai yara ko mai juna biyu; a yi amfani da maganin cire fenti, ko a goge a jiƙe a kwashe dattin. Tsohon silin, kwanon rufi na siminti da wasu tsofaffin tayil na roba suna iya zama asbestos, wanda Ingila ta haramta gaba ɗaya a 1999 saboda ƙurarsa tana jawo sankarar huhu. Ba a yanka shi, ba a huda shi, ba a kawo shi gida. Gilashin taga kuma ba ya zama katangar shawa, domin in ya fashe yana tashi da kaifi. Labule ya fi shi aminci. Hitar ruwa ta hannu, tsohuwar waya, tsohon bututun ƙarfe da tsatsa ta toshe cikinsa, tiyo mai lanƙwasa na ƙarƙashin besin: duk a bar su a can.

Bututu, daɓe da shafin hana ruwa

Kada ka fasa komai sai kaya sun taru, an wanke, an auna. Bayan fasa, bututu ne farko. Na fitar ruwan besin milimita 32, na rariyar wanka 40 ko 50, na masai 110. Gangaren bututun fitar ruwa kamar santimita 2 a kowace mita. In ya kwanta da yawa datti ya zauna. Ruwan zafi ba ya bin bututun PVC na yau da kullum. A sa PPR ko wani da aka rubuta ya dace da zafi. Sa ƙaramin makulli a ƙarƙashin besin da kusa da tankin masai, domin kayan hannu za su nemi gyara wata rana, kuma ba ka son rufe ruwan gida duka saboda washa ɗaya. Kafin a rufe ramukan bango da filasta, toshe bakunan, saki ruwa, a bar shi da matsi awa 24, ka bi kowane haɗi da busasshiyar takarda.

Sai daɓe. Gangare zuwa rariya ya zama santimita 1.5 zuwa 2 a kowace mita, wato daga lungu mafi nisa zuwa rariya a ɗakinka za a samu saukar santimita 3 zuwa 4. Fara kafa rariyar a tsayinta, sannan ka yi alama a bango zagaye da ma'aunin lebur. Kwaɓi siminti 1, yashi mai kaifi 4, ruwa kaɗan: in ka dunƙula a hannu ya riƙe siffarsa ba tare da ya ɗiga ba, ya yi. Kwaɓi mai ruwa-ruwa yana kwantawa lebur ya cinye gangaren, kuma yana tsagewa in ya bushe. Share tsohon kankare, jiƙa shi, shafa masa kunun siminti, ka zuba kwaɓin tun kunun bai bushe ba. Kauri a bakin rariya kada ya gaza santimita 2.5 zuwa 3. Buhu ɗaya na kilo 50 da baro biyu na yashi za su kusan isa. Ajiye buhu na biyu don facin bango. A bakin ƙofa a bar ɗan tudu na kamar santimita 2. Rufe daɓen da leda ko a riƙa yayyafa masa ruwa kwana 7. Washegarin zubawa ma kana iya gwada shi da kofin ruwa daga kowane lungu ka ga inda yake nufa. Ƙa'ida ita ce a ba sabon daɓe kusan mako uku kafin tayil, saboda yana tsukewa yayin bushewa, kuma tsukewar ce ke ɗaga tayil daga baya.

Mutane da yawa suna zaton tayil ne ke hana ruwa. Simintin da ke tsakanin tayil yana shan ruwa, kuma abin da ke tsare bangon ɗakinka shi ne shafin da ke ƙarƙashi. Sayi na siminti mai haɗin ruwan roba, ko na roba da ake shafawa da burushi. Cike kusurwar bango da daɓe ta zama mai ɗan lanƙwasa, manna ƙyallen ƙarfafawa a kusurwoyi, kewayen rariya da inda bututu ya fito. Shafi biyu, na biyu ya gitta na farko, bayan na farko ya bushe yadda aka rubuta a jikin kayan. Ƙasa duka, ya hau bango santimita 15 zagaye, a lungun wanka kuma ya kai aƙalla mita 1.8. Da ya bushe, toshe rariya, tare bakin ƙofa, cika ruwa zurfin santimita 3 zuwa 5, yi alama, a bar shi awa 24 zuwa 48. Duba bayan bango, in bene ne duba silin na ƙasa. Wannan gwajin ba ya cin ko sisi, kuma shi ne dama ta ƙarshe ta gyara da burushi kawai.

Kafa tayil da ɗaura kaya

Yi amfani da gam ɗin tayil na gari. Buhun kilo 20 yana rufe murabba'in mita 4 zuwa 5. Kai da ke da 12 da tayil mai baya ba daidai ba, lissafa buhu 4. Shimfiɗa shi da cokali mai haƙora, milimita 6 a bango, 10 a ƙasa, layukan su fuskanci gefe ɗaya, ka kuma shafa siririn gam a bayan kowane tayil. Kada ka shimfiɗa fiye da abin da za ka rufe cikin minti 15 zuwa 20, domin in ya yi fata ba ya kamawa. Lokaci-lokaci ɗaga guda ɗaya ka duba: bayansa ya kamata ya cika da gam kusan duka. Tayil ɗin da za a kafa da gam ba a jiƙa shi. Jiƙawa ta masu kafawa da kwaɓin siminti ce.

Jera na ƙasa a bushe tukuna don siraran yanka su faɗa bayan masai, kada su zo bakin ƙofa. A kewayen rariya ƙaramin tayil ya fi bin gangare. Babba sai an tsaga shi daga kusurwa zuwa rariya. A bango, kafa miƙaƙƙen katako a lebur, fara daga layi na biyu zuwa sama, yi ƙasa, sannan ka dawo ka yanka layin farko ya sauka a kan tayil ɗin ƙasa, ya bar milimita 3. Bayan awa 24 a cike tsakani. Kusurwoyi da inda bango ya haɗu da ƙasa kuwa silikon mai hana fumfuna ake sawa, domin nan gini ke motsi, siminti kuma tsagewa yake yi.

Besin yana zama a tsayin santimita 80 zuwa 85. Masai a ɗaure shi da noti a zagaye gindinsa da silikon, kada a dasa shi da siminti. Matse notin tangaran da hannu, sannan ɗan juyi kaɗan da sifana. Ƙari a kan haka shi ke tsaga shi. Farin tef na famfo a naɗa shi ta inda zare ke shiga.

Wuta aikin ƙwararren mai wayarin ne, kuma ban yarda a yi tsimi a nan ba. Layin banɗaki ya bi ta na'urar RCD mai miliamfa 30, wadda ke yanke wuta da zarar ta kauce wa layinta, wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa ta kasance a haɗe, fitila ta zama rufaffiya mai lambar IP44 ko sama, makunni a waje ko nesa da shawa. In babu taga mai buɗuwa, sa fanka mai zuƙe aƙalla lita 15 na iska a daƙiƙa, ta fitar waje, kada ta zuba cikin silin. Bangon ɗakin da ya jiƙe kuma a kankare shi a bar shi makonni ya bushe kafin fenti.

Duk wannan na faɗa ne bisa awo da alamomin da ka ba ni, ban ga ɗakin ba. In bene ne kuma ka ga rodi ya yi tsatsa ya fasa kankare, ko daɓen katako ne, ko akwai tsaga a bango da take ƙara buɗewa, a kira injiniya ya duba kafin komai. Dokokin gini sun bambanta daga wuri zuwa wuri, wasu wuraren sai da izini ake taɓa bututun masai ko wuta, in haya kake kuma sai da yardar mai gida a rubuce.

In kuɗi ba za su kai a yi duka lokaci ɗaya ba, raba aikin biyu. Zangon farko: bututu, daɓe, shafin hana ruwa, tayil ɗin ƙasa da na lungun wanka, da masai. Waɗannan ba sa rabuwa, kuma da su banɗaki ya shiga aiki. Besin, madubi, tayil ɗin sauran bango da fenti za su iya jiran wata biyu ko uku, muddin an fito da bakunan bututunsu an toshe. Ragowar tayil guda biyar zuwa goma na kowane launi kuma a ɗaure su a kwali a ajiye inda ba za a taka ba.